Shekara huɗu ina fosdok, sunana yawanci a tsakiyar jerin marubuta: in tafi ko in zauna?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka, kaina ya kulle. Bayan digirina na uku a nazarin ƙwayoyin halitta, shekara huɗu ke nan ina fosdok, wato aikin bincike na wucin gadi, a ɗakin gwajin wani babban farfesa. Aikina kan otofaji ne, wato yadda ƙwayar halitta ke naɗe tarkacen cikinta ta kai wa laisosom, ɗan buhun narkarwa da ke cikinta, ya narkar. Furotin guda ya cinye min shekara biyu. Sau uku ƙwayoyin da nake raino suka gurɓace, firiza ta mutu cikin dare na rasa samfurin wata shida, gwajin westan bulot na gano furotin kuwa na daina ƙirga sau nawa na sake. Maƙalata bakwai, biyu kaɗai sunana ke farko, ma'aunin h nawa, wato lambar da ke auna yawan maƙaloli da yawan ambatonsu, 6 ne. Yanzu wata ƙaramar jami'a ta ce in zo in buɗe ɗakin gwaji nawa. Farfesa ya ce in ƙara shekara ɗaya mu kai aikin babbar mujallar kimiyya ta Cell. Akwai abin da ya shiga tsakaninmu kan jerin sunayen marubuta a maƙala, amma ba zan tono shi ba. Kwana goma aka ba ni.

Wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tattara kayanki ki tafi. Yoshinori Ohsumi, masanin halitta ɗan Japan, sai a 1988 ya samu ɗakin gwaji nasa, yana da shekara 43, ya zauna yana leƙen ƙwayoyin yisti ta madubin ƙara girma lokacin da kusan ba wanda ya damu da otofaji. A 1993 ɗakin gwajinsa ya bayyana ƙwayoyin gado 15 da otofaji ke buƙata, a 2016 ya karɓi Nobel shi kaɗai. Ba a ƙarƙashin inuwar wani ya yi wannan ba.

Wata mamba:
Hmm. Ni ma "shekara ɗaya" aka ce min, ta zama uku. Maƙalar na fitowa sai na ga an sa wani yaro da ya yi gwaji biyu a gabana. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma farfesan nawa ko amsa saƙona ba ya yi.

Wani tsohon fosdok:
Malam, da girmamawa, Ohsumi ɗaya ne cikin dubbai. Kwamitin ba da tallafi sunan farko da sunan mujalla yake dubawa. Ki zauna, Dokta, gaggawa aikin shaiɗan ce.

Malamin jami'a:
Wannan bautar lambobin ce ke kashe mu. Ma'aunin h masanin fiziks ne, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005, shekarun mutum yake bi fiye da basirarsa. Maƙalar wani masani, Lowry, ta 1951 an ambace ta fiye da sau 300,000, kuma hanyar auna furotin ce kawai. Masanan fanninmu ne ma suka haɗu a San Francisco a 2012 suka tsara sanarwar DORA, cewa a daina auna mutum da darajar mujalla. Katalin Karikó, masaniyar da bincikenta ya kai ga rigakafin korona, an rage mata matsayi a jami'arta a 1995, ga ta da Nobel a 2023. Na faɗa, ki tafi.

Mai tambaya:
Na gode, Malam, amma ba ku fahimce ni ba. Farfesan ba mugu ba ne, shi ya ɗauke ni lokacin da wurare uku suka ƙi. Kuma ba zaman banza na yi ba, sakamakon ya kusa, gwajin ɓeraye kawai ya rage.

Tsohon fosdok:
To ai kin ba kanki amsa. Amma jami'ar tana da madubin konfokal na leƙen cikin ƙwayoyin halitta? Za su ba ki kuɗin farawa? Farfesa zai bar ki ki tafi da aikin furotin ɗin?

Wata mamba:
Ba zai bari ba, wallahi. Nawa ma ko filasmid ɗaya, ɗan guntun DNA da ake gwaji da shi, bai ba ni ba.

Malamin jami'a:
Kayan aiki ana aro. Shekaru ba a aro.

Mai tambaya:
Maganar furotin ɗin ba mu yi ta ba tukuna, yana tafiya, sai mako mai zuwa zai dawo. Saura kwana takwas.