Turakun iyakar Najeriya da Nijar da ke cikin gonaki: sai da izinin mai gona?

Mai Bin Tarihi:
Assalamu alaikum. Maganata a kan turakun iyakar Najeriya da Nijar ce, waɗanda aka kakkafa tsakanin 1906 da 1908 ƙarƙashin Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa. Guda 148 ne, daga yankin kogin Kwara har tafkin Chadi, kuma a 1910 Ingila da Faransa suka amince da jerinsu a rubuce. Waɗanda suka rage yau, da yawansu a tsakiyar gonakin mutane suke. Ni a ganina turken iyaka kayan hukuma ne, ba na mai gona ba, don haka ɗalibi ko mai bincike da ke son ganinsa ba ya bukatar izinin kowa. Ai ko dokar filaye ta 1978 cewa ta yi ƙasa a hannun gwamna take.

Hajiya Lauya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka gwama abu biyu. Turken na hukuma ne, wannan babu ja. Amma ƙasar da za ka taka kafin ka isa gare shi tana da mai ita. Dokar 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ba ta ƙwace wa manomin karkara gonar da yake nomawa ba. Wanda doka ta ba ikon shiga fili ya duba shi ne jami'in da aka turo da aikin. Kai da ka zo da littafi da waya baƙo ne. In mai gona ya ce ka fita ka ƙi, ko ka tattake masa shuka, kai za a kai ƙara, kuma cewa "turken gwamnati na zo gani" ba zai fisshe ka ba.

Tsohon Safiyo:
Kafin ma a kai ga doka, ina so Malam ya gaya mana yadda zai gano turken shi kaɗai. Mutane suna zaton ginshiƙan siminti ne a jere. Ba haka ba ne. Iri-iri aka yi su, gwargwadon abin da aka samu a wurin: wasu tarin duwatsu ne da aka shafe kansu da siminti, wasu ƙarfen sandar tangaraho ne aka kafa, wasu gumaguman itace, wasu kuma bishiya ce kawai aka sassabe aka maƙala mata farantin ƙarfe mai lamba. Na itace gara ta gama da su tuntuni. Na dutse, in ba rairayi ya binne su ba, to an kwashe an yi gini.

Sai batun lissafi. Wayar hannu a fili tana kuskuren mita uku zuwa biyar, wannan ba matsala ba ce. Matsalar tana cikin takardar da kake bi. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, waya kuwa da wani ma'auni daban mai suna WGS84 take aiki. In ka ɗauki lamba daga taswira ka zuba a waya ba ka juya ta ba, za ka kauce da mita masu yawa, har kusa da ɗari. A taswirar 1:50,000 milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa, a ta 1:200,000 irin wadda aka fi samu a ɓangaren Nijar kuwa mita 200 ce. Kaurin layin da aka ja da alƙalami ma ya cinye gona guda. Masu awon 1907 da taurari suka yi aiki, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya ta awon kusurwa (ba ta agogo ba) wajen mita 31 ne a ƙasa.

Abin da ya fi lambobi amfani shi ne bayanin wurin, domin yawanci cewa aka yi turke kaza yana kan hanyar ƙauye kaza zuwa ƙauye kaza, nisa kaza. To ƙauyen ya tashi ya koma kusa da rijiya ko kwalta, tsohuwar hanyar ta zama gona. Wa ya san inda kufan yake? Dattijon da ya gaji gonar. Takarda za ta kai ka cikin fili mai faɗin eka da yawa, shi zai kai ka kan turken cikin minti goma.

Mai Bin Tarihi:
Yallabai, bayanin ya gamsar, amma ya ƙara mini damuwa. Kenan tarihin ƙasa biyu yana hannun mutum ɗaya, in ya ga dama ya nuna, in ya ga dama ya hana. Kuma mu faɗi gaskiya, wani yana hanawa ne don ya san ya tumɓuke turken saboda garmar shanu ta wuce, ko ya sayar wa 'yan gwangwan da ƙarfen.

Malamin Gona:
Akwai irin wannan, amma ba shi ne ya fi yawa ba. Manomi in ya ga baƙo da na'ura yana aune-aune a gonarsa, abu ɗaya ke zuwa masa a rai: za a ƙwace fili. Wanda bai cire masa wannan tsoron ba, ko da wace takarda ya zo ba zai ga komai ba.

Da ɗan gari akan ci gari. A fara da hakimi, da wasiƙa daga makaranta ko ƙaramar hukuma mai bayyana abin da aka zo yi. Hakimi zai haɗa ka da dagaci, dagaci da mai unguwa, mai unguwa ya kira mai gonar. A gaban mai unguwa za ka faɗi ƙarara cewa ba awon fili ka zo yi ba, ba kuma za ka taɓa komai ba. A nan ne za a gane ko gonar aro ce, ko jingina, ko ta gado da ba a raba ba, domin wanda ka tarar yana noma ba lallai shi ne mai cewa e ba. A tafi da goron dattawa, a kuma biya ɗan rakiya ladan yininsa.

Lokaci ma rabin aikin ne. Daga Yuni zuwa Oktoba kada a ma fara. Gero da dawa sun fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke gabanka da taki biyar, ga wake da gyaɗa a ƙasa da za ka tattake. Bayan girbi ma a ɗan jira a kwashe harawa da kara. Daga Disamba zuwa Afrilu fili ya buɗe. A bar mota ko babur a bakin hanya, a bi burtali ko kan iyakar gona inda aka dasa gamba ko aguwa, kada a ratsa kunya.

Ɗan Maraɗi:
Ku tuna turken fuska biyu gare shi. Ka zagaya bayansa don ɗaukar hoto, ka shiga wata ƙasa. Mutanen wurin suna ƙetarawa kullum, wani gidansa a Najeriya gonarsa a Nijar, ba mai ce musu komai don an san su. Baƙo mai kyamara da GPS ba haka ba ne. A wajenmu a Nijar sai an bi ta mai gari da sarkin kanto (kamar hakimi), a sanar da jandarma. Akwai kuma kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, har a matakin ƙauye, su ne suka san wa ke da wace gona da inda burtali ya bi. A riƙe katin shaida, a sanar da jami'an shige da fice na mashiga mafi kusa, ko Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ko Kwangwalam, ko Maigatari. Jirgi maras matuƙi kuwa kada a ko fito da shi daga jaka. Dazukan da ke tsakanin Sabon Birni, Jibiya da kudancin Maraɗi, inda 'yan bindiga ke kai-kawo, in dagaci ya ce kada a je, to maganar ta ƙare.

Hajiya Lauya:
Malam Mai Bin Tarihi, in mai gona ya hana, akwai hanya, amma ba kutse ba ce. Ka koma wurin hakimi. In ka tabbata an taɓa turken, ka rubuta wa kwamitin iyakoki na jiha, wanda mataimakin gwamna ke shugabanta, ko Hukumar Iyakoki ta Ƙasa da aka kafa a 1987. Su ke da ikon turo safiyo. Gusar da alamar iyaka laifi ne a doka, kuma manomanmu sun san hadisin da Muslim ya ruwaito na la'antar wanda ya canja alamomin ƙasa. Sau da yawa tunatarwar liman ta fi sammaci aiki.

Tsohon Safiyo:
Hadisin nan ya hau kan mai bincike ma. Ɓarnar da masu kyakkyawar niyya ke yi ba kaɗan ba ce. Mutum ya tarar da turke ya karkace, sai ya miƙar da shi, ko ya tone gindinsa ya ga zurfinsa, ko ya tarar da shi a yashe a gefen gona ya mayar inda yake zato. Darajar turke ita ce ba a motsa shi ba. Da zarar ka tone gindin, ruwan damina ya samu hanya, kuma safiyon da zai zo gobe ba zai iya rantsuwa a kan wurin ba. Fenti ma kada a shafa, yana rufe lamba. Abin yi kaɗan ne: a share ciyawa da hannu, a ɗauki hoto ta gabas, yamma, kudu da arewa da sanda mai awo a jikinsa, a bar waya a kansa minti biyar kafin a rubuta lamba, a rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi. Sannan a ja tef daga turken zuwa abubuwa uku da ba sa tashi, kamar rijiya, kuka ko fako mai dutse. Da waɗannan awo uku ko rairayi ya binne shi za a iya gano wurin.

Mai Bin Tarihi:
Na karɓi batun sallama da bin dagaci. Inda ban sauka ba shi ne a bar abin ga sa'a. Ya kamata hukumomin ƙasashen biyu, ga ma hukumar haɗin gwiwarsu da ke Yamai tun 1971, su fitar da 'yar hanya zuwa kowane turke da ya rage, a biya mai gona diyya, a kuma wallafa lambobin wuraren kowa ya gani.

Malamin Gona:
Hanyar ƙafa mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita 300 ta ci murabba'in mita 300 na gona, kuma duk inda mutum ya bi, dabba za ta bi. In za a yi, a ɗora ta a kan iyakar gonaki biyu kowa ya ba da rabi, a dasa aguwa gefe da gefe. Wallafa lambobin kuwa ban goyi baya ba, musamman na turakun ƙarfe. A miƙa su ga ofishin babban safiyo na jiha, a bar kwafi wurin hakimi, mai bukata ya je can ya nema da sunansa.