Shekara guda a bayan makaɗa: yaya ake ɗaukar wasa a ƙauye?

Mai Shirin Gargajiya:
Assalamu alaikum. Ina gabatar da shirin kiɗan gargajiya a rediyo, kuma ina so in shekara ina bin wasanni a ƙauyukan Jigawa da Kano, in ɗauko kiɗa a inda ake buga shi, ba sai an kira makaɗa situdiyo ba. Rikoda Zoom H1n gare ni da waya. Wane lokaci ake samun wane wasa, kuma me ke ɓata sauti a fili?

Dattijon Gumel:
Wa alaikumussalam ɗana. Kalanda biyu za ka riƙe, ta gona da ta Musulunci. Da damina kiɗan noma ne a wurin gayya, da hantsi ake yin sa ba da dare ba. Kaka ita ce kasuwarka: an girbe gero, aljihu ya yi nauyi, sai kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure, daga wajen Oktoba har cikin hunturu. Da rani 'yan farauta. Ta Musuluncin kuwa, tashe yana farawa goma ga azumi, sannan hawan salla a masarautu biyar na Jigawa, wato Hadejia, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse, inda za ka ji kakaki da algaita da tambari. Sallar Gani ta Gumel a watan Maulidi take. Waɗannan kowace shekara suna matsowa da kamar kwana 11, kada ka dogara da ranar bara. Labarin inda za a yi wasa kuma a kasuwa ake jin sa: Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a. Nemi rumfar mahauta, kalangu nasu ne.

Injiniyan Sauti:
Malam, rikodar ta isa, tsayuwa ce ke kashe yawancin mutane. Kalangu ba ya bukatar taimakonka, ko daga bayan gari za a ji shi. Muryar mawaƙi ce ke nutsewa. Tsaya gabansa da kamu uku zuwa huɗu, makirufo daidai ƙirjinsa, makaɗa a gefe, 'yan amshi a bayansa. In kukuma ce ko gurmi, ƙara matsawa, don sautinsu bai da ƙarfi. Ka kuma lura da sanƙira, shi ne zai zo ya yi ihu a bakin makirufo, ya fasa maka baiti guda.

Kashe maɓallin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa. In ka bar shi, duk bugun ganga zai danne murya, in an yi shiru kuma ya ɗago hayaniyar 'yan kallo. Saita da hannu lokacin da makaɗa ke gwaji, mizani ya tsaya wajen -12, domin in wasa ya yi zafi aka fara liƙi, sai sun ƙara ƙarfi. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi a kwamfuta, wanda ya fashe kuwa ya tafi ke nan.

A saitin rikodar zaɓi tsarin fayil na WAV, 48 kHz, 24-bit. Awa ɗaya tana cin kusan 1GB, katin 32GB zai kai ka awa 30. Batir AAA biyu take ci, tafi da shida, sanyin hunturu yana saurin shanye su. Soson da ake sa wa makirufo ba ya tare iskar fili, nemi mai gashi-gashin nan. Belun kunne dole ne. Wayarka kuma ka kashe mata sabis, in tana kusa da rikoda ƙararta tana shiga.

In an kawo lasifika da janareta, kada ka ja waya daga na'urar mai kayan sauti. Galibi sun cika amsa-kuwwa, ga gurnanin wuta. Ka sa taron mutane tsakaninka da janareta, jikinsu yana tare ƙara.

Hajiya Edita:
Ƙanena, kafin rikoda akwai gaisuwa. Fara da mai gari, sannan sarkin makaɗa, ka faɗi tashar da sunan shirin, ka bayar da goro. Bari mawaƙin ya faɗi amincewarsa da bakinsa a farkon ɗauka, tare da sunansa da garinsu da sunayen kayan kiɗan. Bayan wasa 40 ba za ka tuna wane ne wane ba, don haka sa wa kowane fayil kwanan wata da gari a daren, ka kwafe shi wuri biyu.

Saurari waƙa duka kafin ta hau iska. Zambo da habaici da batsar filin dambe suna wucewa a dandali, a rediyo kuwa wanda aka ambata yana iya kai ƙara, ga dokokin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin. Kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida mata suke yi, namiji ba ya shiga. Ba abokiyar aikinka rikodar, ka saita mata tun daga zaure.

Injiniyan Sauti:
Na manta ɗaya. Maɓallin yanke ƙananan sauti yana rage iska, amma yana cinye kaurin gangar noma da tambari. Kada ka saita shi sama da 80 Hz in ana buga su.