Neman shawara: mu ci gaba da riƙon laburaren izininmu, ko mu koma kan na Django?

Mai tambaya, daga Mabera:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Sakkwato da ke kula da manhajar makarantu masu zaman kansu, wasu a cikin gari, wasu a Tambuwal da Bodinga. An gina manhajar a kan Django, wato ginshiƙin rubuta manhajojin intanet da harshen Python, amma wanda ya fara rubuta ta bai bi tsarin izinin da Django ya zo da shi ba. Ya rubuta laburare na kansa, wato tarin umarnin kwamfuta da manhajar ke dogara da shi, mai teburansa daban a ma'ajiyar bayanai, wanda ke yanke hukunci a kan wa zai ga me, wa kuma zai canza me. Ya bar aikin ya koma Abuja, laburaren yanzu yana wuyana.

Dokokinmu ba su da yawa. Malamin aji yana shigar da makin ɗaliban ajinsa kaɗai, kuma da zarar shugaban makaranta ya rufe sakamakon zango, babu mai sake taɓa shi. Ma'aji yana ganin kuɗin makaranta, ba ya ganin maki. Iyaye suna ganin 'ya'yansu ne kawai. Laburaren yana yin duk wannan, sai dai babu gwaji ko ɗaya da aka rubuta masa, shafin gudanarwa na Django bai san da zamansa ba, kuma duk lokacin da muka yi yunƙurin ɗaga Django zuwa sabuwar siga sai wani sashe nasa ya karye. Shi ya sa muke zaune kan siga ta 4.2, wanda wa'adin gyaran tsaronsa shi ne Afrilun 2026. Mai kamfanin yana ganin abin da ke aiki a bar shi ya yi ta aiki. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin sakamakon 'ya'yan mutane ne a hannunmu. Ina neman shawararku.

Injiniya, daga Arkilla:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ra'ayina shi ne ku koma kan na Django, kuma kada ku ɗauki lokaci. Tun 2005 da aka saki Django ga jama'a, dubban masu rubuta manhaja suke karanta wannan sashe suna gyara shi, kuma akwai tawagar tsaro da ke fitar da gyara idan an gano ɓaraka. Laburarenku mutum ɗaya ne ya rubuta shi, mutum ɗaya ne kuma yake karanta shi, wato kai. Ranar da ka tafi hutu ko ka samu wani aikin, wanda zai gaje ka zai fara ne daga tushe, alhali duk matashin da ya koyi Django a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a intanet ya riga ya san rukunonin masu amfani da `has_perm`, umarnin da ke tambaya ko mutum yana da wani izini.

Django yana ƙirƙira wa kowane tebur izini huɗu da kansa: ƙarawa, canzawa, gogewa da dubawa, na ƙarshen ya shigo ne a 2.1, cikin 2018. Ka buɗe rukunin malamai, na ma'aji, na shugabanni, na iyaye, ka raba musu izinin, shafin gudanarwa zai bi su ba tare da ka ƙara komai ba. Ka kuma faɗa wa mai kamfanin cewa a jerin 2021 na OWASP, ƙungiyar da ke nazarin tsaron manhajoji, lalacewar tsarin izini ce ta zo ta ɗaya cikin haɗurra goma da suka fi addabar manhajojin intanet. Irin wannan ɓaraka ba ta ƙara, manhaja za ta ci gaba da buɗewa lafiya lau alhali wani yana kallon abin da ba nasa ba.

Malama, daga Runjin Sambo:

Na yarda da Injiniya a kan rabin maganar, amma ina roƙon mai tambaya ya sake karanta dokokin da ya lissafa kafin ya goge ko layi ɗaya. Izinin Django na tebur ne gaba ɗaya. Idan ka ba rukunin malamai izinin canza maki, to ka ba kowane malami izinin canza makin kowane ɗalibi a kowace makaranta da ke cikin ma'ajiyarku. Django bai san cewa wannan ajin na wane ne ba, bai kuma san an rufe zango ba. Gaskiya ne `has_perm` yana karɓar takamaiman abu a matsayin bayani na biyu, amma `ModelBackend`, mai binciken izini da ya zo da Django, ba ya yin komai da shi, amsarsa a'a ce kullum. An bar wannan gurbin ne domin mai manhaja ya cike shi. Ina kyautata zaton wannan giɓin ne ya sa wanda ka gada ya rubuta nasa, don haka a yi masa adalci.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba laburaren gida biyu. Duk abin da ya shafi shiga, kalmar sirri, zaman mai amfani, rukunoni da ajiye izini, a miƙa wa Django, babu dalilin riƙe shi. Abin da ya rage, wato dokokin makaranta, naku ne, babu wani daga waje da zai rubuta muku su. Ka mayar da su ƙananan ayyuka masu amsa i ko a'a, ka sa su cikin aji ɗaya na Python (`class`), ka yi masa rajista a `AUTHENTICATION_BACKENDS`, wato jerin hanyoyin da Django ke tambaya game da izini, ta yadda kowane sashe na manhajar zai riƙa tambaya ta ƙofa ɗaya. Laburaren django-rules an yi shi ne daidai don wannan salon. Akwai kuma django-guardian, amma shi yana ajiye izinin kowane abu a matsayin layi a ma'ajiya, wanda ke nufin duk farkon shekarar karatu, da ɗalibai suka ci gaba aka sauya wa malamai azuzuwa, sai kun bi layukan kun gyara. Ga dokar da ta dogara da aji da zango, lissafa amsar nan take ya fi tsabta.

Sai abu ɗaya da na fi jin tsoro. Binciken izini a kan abu guda ba ya kare shafin da ke jero abubuwa da yawa. A Django REST Framework, laburaren da ke miƙa bayanan Django ga wasu manhajoji, `has_object_permission` mai binciken abu guda ba ya aiki a kan jeri, sai ka tace `get_queryset`, mai ɗauko jerin, da kanka, haka nan kuma a shafin gudanarwa. Ka shiga da asusun gwaji na uba mai ɗa ɗaya, ka buɗe katin sakamako, ka dubi adireshin da ke sama, ka canza lambar da ke ƙarshensa daga 214 zuwa 215. Idan sunan wani yaro ya fito, to ka ajiye maganar ƙaura tukuna ka toshe wannan a yau.

Dattijon zaure, daga Gawon Nama:

Ni mutumin Laravel ne, takwaran Django a harshen PHP, kuma abin da Malama ta bayyana shi ne abin da muke kira Gates da Policies: Laravel ya ba ka wurin ajiye doka, kai ne kake rubuta dokar. Gargaɗina a kan hanyar ƙaura ne. Tsohon laburare kamar tsohuwar katangar ƙasa ne, ba ka sanin abin da take tare wa gida sai ka rushe ta damina ta sauka. A cikinsa akwai dokokin da ba ka lissafa ba domin ba ka san da su ba, wata ƙila wani shugaban makaranta ya taɓa roƙo a hana malamai ganin lambar wayar iyaye, aka saka, aka manta.

Don haka, ɗana, ka fara da rubuta gwaje-gwaje a kan tsohon tsarin yadda yake, kowane matsayi da kowane shafi. Bayan nan ka bar tsoho da sabo su yi aiki tare na tsawon zango guda: tsohon ne ke yanke hukunci, sabon yana ba da amsarsa a ɓoye, duk inda suka saɓa a rubuta a rajista. Kuma kada ka kuskura ka sauya a makon haɗa sakamako, ka jira dogon hutu. Game da ɗauko laburaren waje, ka duba ko ana kula da shi har yanzu. Mutanen Rails, wani takwaran Django, sun ga yadda laburaren izini na CanCan ya tsaya lokacin da mai shi ya daina kula da shi, sai da jama'a suka ɗauke shi suka ci gaba da sunan CanCanCan.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba, zan bi tsarin zango guda. Malama, akwai abin da ya rage mini: muna da wanda yake mataimakin shugaba a wata makaranta da safe, da yamma kuma malamin aji ne a wata Islamiyya, dukansu a manhajarmu, da asusu ɗaya. Yaya rukunonin Django za su ɗauki wannan?

Malama:

Ba za su ɗauka ba, Malam, domin rukunin Django bai san makaranta ba. Wanda ke cikin rukunin shugabanni shugaba ne a ko'ina. Ka riƙe tebur ɗaya naka mai ginshiƙai uku, mutum, makaranta da matsayi, ka sa dokokinka su riƙa dubawa a can. Ka kuma tuna cewa Django yana tambayar hanyoyin da ke cikin `AUTHENTICATION_BACKENDS` ɗaya bayan ɗaya, kuma i guda ta wadatar, saboda haka dokar rufe zango sai ta jefa `PermissionDenied`, wanda ke tsayar da tambayar nan take, kuma ta kasance a gaban jerin idan kana so ta hana kowa.

Akwai kuma `is_superuser`, alamar mai cikakken iko. Duk asusun da ke aiki kuma yake da wannan alama yana wuce kowane bincike na `has_perm` ba tare da an tambayi dokokinka ba. Ka ƙirga mutum nawa ke da ita a ma'ajiyarku, kuma kada shugaban makaranta ko ɗaya ya kasance cikinsu, komai girmansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, kuma naku bayanan yara ne. Idan ka gama rubuta gwaje-gwajen, ka kawo jerin matsayi da shafuka nan zaure, ba tare da sunan makaranta ko na ɗalibi ba, mu duba tare.