"Kowa ya ci ladan kuturu": ta hau kan bishop ɗin da aka aika Santambul?

Bazazzagi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku auna min wata karin magana a kan wani mutum. François de Noailles bishop ne na cocin Katolika a garin Dax, kudu maso yammacin Faransa, an haife shi 1519, ya rasu 1585. Ya yi wa Faransa jakadanci a Ingila da Venis (jamhuriya ce a Italiya a lokacin), sannan Sarki Charles na IX ya tura shi Santambul, fadar Sultan Salim na II, ya isa a 1572. Ku lura da lokacin. A Oktoban 1571 jiragen ruwan Fafaroma da Sifaniya da Venis suka ragargaza na Turkawa a Lepanto, a gaɓar tekun Girka. Kiristocin Turai na ta shagali, ga malamin coci a ƙofar Sultan yana neman shiri. Ni dai na ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ta zauna?

Baba Alƙali: Wa alaikumus salam. Kafin a ce ta zauna, a fara gano kuturun. Kar wani ya ɗauka Sultan ne. Kuturu a maganar shi ne mai biya. Wanzami ya riga ya zuba kuɗin a aljihu, ba shi da bakin cewa ba zai taɓa kan ba. To wa ya biya Noailles? Sarkin Faransa. Tun yarjejeniyar Bologna ta 1516 tsakanin Sarki François na I da Fafaroma Leo na X, sarki ne ke zaɓar bishop-bishop ɗin ƙasarsa, Fafaroma ya sa hannu. Kujerar kuwa da gonaki da kuɗin shiga take zuwa. Wanda ya ba ka rawani shi ke aikenka. Ta zauna daram, ɗana.

Yaya Larai: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban gamsu ba. Ba a faɗin wannan magana sai akwai ƙyama, sai mutum na yin aikin yana kau da kai. Ina ƙyamar a nan? Zumuncin Faransa da Turkawa ya girmi wannan tafiya da shekara talatin da wani abu, tun zamanin François na I da Sultan Sulaiman, don duka biyun gidan Habsburg, masu sarautar Sifaniya da Ostiriya, ne ya tsone musu ido. Faransa ba ta ma shiga ƙawancen Fafaroma da Sifaniya da Venis na yaƙar Turkawa ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana jakadanci sana'arsa yake yi.

Baba Alƙali: 'Yata, ƙyama ba lallai a zuciyar wanzami take ba, tana iya zama a idon masu kallo. Ina jin an faɗa wa dillali wannan magana a kasuwa bayan ya karɓi la'ada ya so ya zille, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ransa na so. Abin da ake nufi, ka ci, ka cika.

Ɗan Kurmi: Ku bar ni in shigo da ta zomo: ba ya fushi da makashinsa sai da marataya. A Maris ɗin 1573 Venis ta janye jiki ta yi sulhu ita kaɗai da Turkawa, ta haƙura da tsibirin Kubrus da suka ƙwace mata, ta yarda ta biya dukat (kuɗin zinariya) 300,000. Noailles na cikin waɗanda suka gyara hanyar wannan sulhu, don wargajewar ƙawancen ribar Faransa ce a kan Sifaniya. Fafaroma Gregory na XIII ya fusata, kuma Venis ya fi hucewa a kai.

Yaya Larai: Malam, ta zomo ba ta shiga ba. Venis da hannunta ta sa hannu, ba rataya ta yi wa kowa ba.

Ɗan Kurmi: To na ji. Amma tunda maganar aski ake, akwai wadda ake jingina wa wazirin Sultan, Sokollu Mehmed Pasha, wai ya ce wa wakilin Venis: a Lepanto gemu kuka aske mana, mu kuwa a Kubrus hannu muka sare muku, gemu zai sake tsirowa. Kuma ya tsiro, don kafin bazarar 1572 Turkawa sun sake ƙera jirage.

Bazazzagi: Yaya Larai, ga abin da ya sa nake bayan Baba. Noailles bai tsaya kan sulhu ba, har goyon bayan Santambul ya nema wa Henri, ƙanin sarki, a takarar sarautar Folan, kuma aka zaɓe shi a Mayun 1573. Ina ruwan cocin Dax da sarautar Folan? Aikin gidan sarki ne zalla.

Yaya Larai: Wannan ya nuna wa yake wa aiki, na yarda. Bai nuna an tilasta shi ba. Ku kawo min inda ya so ya zille aka riƙo shi, sannan in karɓi ta kuturu.