Wane suna za mu ba ƙwaron da Turawa ke kira "brown lacewing"?

1/ Jama'a, ga inda na tsaya kan tambayar da wata 'yar'uwa mai karatun aikin gona ta kawo mana daga jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tana son ta yi wa manoman fadamar Kwalkwalawa bayanin wani ƙwaro mai amfani, ga shi ba ta da sunan da za ta kira shi da Hausa. Wasunku sun kawo shawarwarin suna, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

2/ Sai an ga ƙwaron kafin a raɗa masa suna. Ƙarami ne, yawanci bai kai santimita ɗaya ba, launinsa ruwan ƙasa. In ya sauka yakan kifa fukafukansa bisa bayansa kamar jinkar ɗaki. Ka ɗaga shi wajen haske za ka ga jijiyoyi sun sarƙe cikin fiffiken, da 'yan gasu-gasu a kansu, kuma ƙananan jijiyoyin bakin fiffiken gaba kowace ta rabu biyu a ƙarshenta. Da dare yake yawo, yana zuwa wajen fitila. In aka taɓa shi sai ya faɗi ya yi lamo kamar ya mutu.

3/ Masana suna kiran danginsa Hemerobiidae, sunan da Bafaranshe Latreille ya sa a 1802, daga sunan Hemerobius da masani Linnaeus ya ba wani rukuninsu a 1758. Akwai iri wajen 500 a duniya. Babban gidansu shi ne Neuroptera, kuma a cikin wannan gida muna da wanda kowane yaro ya sani: kurkudu, mai haƙa ɗan rami cikin yashi yana jiran tururuwa.

4/ Malam da ya ce a kira shi "mai fiffiken leshi", Allah ya ƙara sani, amma ban bi ka ba. Wannan juya Turancin ne kawai. Bahaushe in ya ji leshi, kayan lefe zai tuna, da huda-huda da ƙyalƙyali, alhali fiffiken nan ba shi da huda ko ɗaya. "Ƙanen kurkudu" ya yi daɗin faɗi, kuma dangantakar gaskiya ce, sai dai zai sa manomi ya dinga dubawa cikin yashi, shi kuwa wannan a jikin ganye yake rayuwarsa.

5/ Abin da na zaɓa: fiffiken-raga. Saƙar jijiyoyin ita ce abin da ido ke fara kamawa, kuma sunan zai ɗauki dangin biyu da ake yawan rikitawa. Kore shi ne Chrysopidae, mu ce fiffiken-raga kore. Namu kuma fiffiken-raga ruwan ƙasa.

Amma a kula, launin laƙabi ne kawai, ba da shi ake rarrabe su ba. Akwai kore da ke rikiɗa ya koma ruwan ƙasa a lokacin sanyi a Turai. Abin da ke raba su shi ne jijiyoyin nan masu rabuwa biyu, da kuma ƙwai: kore yana ɗora kowane ƙwai a kan siririn zare, shi ruwan ƙasa yana manna nasa kai tsaye a jikin ganye ko ɓawo. Duk wanda zai sa kalmar a littafin makaranta, don Allah ya haɗa da wannan bayani.

6/ Baba da ya ce "ai mu abin da shika ci muka sani", ka yi gaskiya, kuma shawararka ta "sha-darɓa" ta fi kowace shiga raina. Ginin kalmar na gida ne, irin na sha-zumami. Sai dai ina ganin a bar wa tsutsarsa wannan suna, don ita ce ke soka muƙamuƙanta cikin ƙwarin darɓa ta tsotse su, babban kuwa taunawa yake yi. Ba sabon abu ba ne gare mu, kurkudu ma sunan tsutsa ne. Wannan aiki nasu ya sa ake amfani da wani irinsu mai suna Micromus tasmaniae a gonakin Ostireliya da Niyu Zilan don rage darɓa. Manomin wake ko kabeji da ya san sunan abin ba zai yi saurin fesa masa magani ba.

7/ Sunan kuma dole ya iya ɗaukar bambancin da ke cikin dangin. A Turai akwai Drepanepteryx phalaenoides, wanda in ya naɗe fukafukai sai ka rantse busasshen ganye ne. A tsibiran Hawai akwai irin Micromus da suka daina tashi gaba ɗaya. Dukkansu ragar tana nan a fiffikensu.

8/ Kuma ragar ce ta sa aka san tarihinsu, domin jikin ƙwaro ruɓewa yake, amma zanen fiffike yakan kwanta cikin laka ya zama dutse. Mafi tsufa da aka danganta da su shi ne Promegalomus, daga duwatsun Karatau a Kazakistan, na zamanin Jurasik, sama da shekara miliyan 150. Sai Cretomerobius na Mongoliya daga farkon zamanin Kiretashiyos da ya biyo bayan Jurasik, da waɗanda suka maƙale cikin daskararren ƙaron itace na yankin tekun Baltik. Mu Sakkwatawa ba baƙi ba ne ga irin wannan, daga duwatsun Dukamaje aka samo tsohon dangin kada da aka sa wa suna Sokotosuchus.

9/ Abu ɗaya ya rage: jam'i. Ni "fiffiken-raga" nake so ya tsaya ga ɗaya da masu yawa, kamar yadda muke yi da sauro da shinge. Masu nazarin harshe, in kuna ganin akwai gyara, ku kawo kafin 'yar'uwar ta buga takardar da za ta raba wa manoma.