Neman shawara: karatun likitanci a Jami'ar 6 ga Oktoba ta Masar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kan 'yata ta fari nake neman shawara. Sakamakonta na WAEC ya yi kyau, amma sau biyu tana zana JAMB ba ta samu gurbin likitanci ba. Wani abokin Abbanta ya kawo maganar Jami'ar 6 ga Oktoba, jami'ar kuɗi ce a Masar. Abbanta har ya fara maganar sa filinmu a kasuwa, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Yarinyar ba ta da Larabci sai ɗan na Islamiyya. Don Allah wanda ya san wurin ya ba ni haske.

Ɗalibin likitanci a Masar: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba a jami'ar nake ba, amma a garin nake zaune. Tana birnin 6 ga Oktoba, lardin Giza, yamma da Alƙahira. An kafa ta a 1996, tana cikin jami'o'in kuɗi na farko a ƙasar. Akwai likitanci, haƙori, haɗa magunguna, gashin ƙashi da injiniyanci, kuma tana da asibitin koyarwa nata. Tsarin Masar yanzu shekara 5 ne a aji, sai 2 na horo a asibiti, wanda suke ce wa imtiyaz. A da 6 da 1 ne.

Littattafai da jarrabawa duk da Turanci ne. Sai dai mara lafiya ba ya jin Turanci, kuma ba Larabcin littafi yake yi ba. Ranar da na fara shiga ɗakin marasa lafiya, wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana ta cewa "albi, albi". Na tsaya ina kallonta kamar gunki, sai da abokina ya raɗa min cewa ƙalbi take nufi, zuciyarta. Haka suke haɗiye ƙaf, jim kuma su mai da shi "ga". 'Yarki ta fara koyon ammiyya, wato Larabcin da Masarawa ke yi yau da kullum, tun shekarar farko, a kasuwa da cikin mota, kada ta maƙale wa 'yan gida kawai.

Wani uba daga Zariya: Hajiya, ni maganar filin ce ta tsaya min. Ɗalibin waje da dala yake biya. Da na tura ɗana, dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. A farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makaranta bai motsa ba, amma abin da nake fitarwa ya ninka uku. Ga haya, ga sabunta iƙama (takardar izinin zama), ga tikitin jirgi. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, kuɗin makaranta kuwa duk shekara sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ku zauna da biro da takarda ku lissafa shekarun gaba ɗaya da dala. In kuɗin filin a aji uku zai ƙare, me zai ɗauke ta zuwa ƙarshe? Na ga yaran da suka dawo gida a tsakiyar karatu, ba takarda, ba fili.

Likita daga Kano: Akwai abin da masu kawo talla ba sa faɗa. Digirin waje shi kaɗai ba ya ba mutum lasisin duba mara lafiya a Najeriya. Sai ta zana jarrabawar da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, ke shirya wa waɗanda suka yi karatu a waje, ta ci, sannan aikin koyon shekara ɗaya a asibiti, sannan bautar ƙasa. Jarrabawar ba ta wasa ba ce, wasu sai sun maimaita. Kuma ta ba cututtukanmu na nan muhimmanci, irin su zazzaɓin cizon sauro, wanda ba kasafai za ta gani a asibitin Masar ba. Duk hutu ta riƙa bin likitoci a wani asibiti a gida. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar da matsayin jami'ar a wurin MDCN da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ku kuma nemi jami'ar ta faɗa muku a rubuce yadda ɗalibin waje ke yin imtiyaz.

Wata 'yar uwa: A kiyayi dillalai! Ƙanena ya ba wani kuɗi, takardar gurbin da ya kawo ta bogi ce. Ku tuntuɓi ofishin ɗaliban waje na jami'ar, su wafidin suke cewa, kuɗi kuma a asusun jami'a kawai.

Wata uwa daga Katsina: Masauki fa, Hajiya? 'Ya mace ce. Ku san da wa za ta zauna tun kafin ta hau jirgi, kuma Abbanta ya raka ta tafiyar farko ya ga ɗakin da idonsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa Abbanta maganar Alhajin Zariya, ya yi shiru, ya ɗauko kalkuleta. Mun dakatar da sayar da filin sai an gama lissafi. Ɗana na Masar, don Allah nawa kuke biyan haya yanzu a kusa da Masallacin Husari, wanda ke kusa da jami'ar, in ɗalibai mata uku suka haɗa gida?