Tambaya: in tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, me yake ruɓar da kalwa ta zama daddawa?

Maman Ilham:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin kimiyya ku warware min wani abu. Kakata tana yin daddawa tun muna yara, kalwar nan sai ta kwana a kan wuta tana dahuwa, a surfe a wanke a sake mayarwa a tafasa, sannan a zuba a kwando a rufe ruf kwana 2 ko 3. To jiya yarinyata ta dawo daga makaranta wai malaminsu yace ƙwayoyin bakteriya ne suke yin daddawa, ni kuma nace to ba ance tafasa na kashe su ba, daga ina suka fito bayan duk wannan wutar?

Dan_Samaru:
Wslm Maman Ilham, malamin yayi gaskiya kema kinyi gaskiya. Tafasa tana kashe mafi yawansu amma akwai wasu dangi masu taurin kai, in ka duba su a madubin ƙara girma zaka gansu dogaye kamar 'yan sanduna, sunansu ma Bacillus daga nan ya samo asali, ƙaramar sanda kenan da Latin. Su in rayuwa tayi tsanani, abinci ya ƙare ko wuri ya bushe, sai ƙwayar ta tattara kayan halittarta na gado (DNA) ta naɗe a cikin wani ɓawo mai tauri ta fitar da kusan duk ruwan jikinta ta kwanta kamar matacciya, bata ci bata sha bata haihuwa, a haka zata iya shekaru. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 kuma wannan ɓawon yana iya jure hakan na wani lokaci, shiyasa a asibiti da ɗakin gwaji ake sa kayan aiki a tukunyar tururi mai matsi har digiri 121 na minti 15.

To kinga wutar kakarki share fage tayi. Ta kashe sauran, ya rage 'yan ɓawon da suka tsira, ga kuma waɗanda ke maƙale a jikin kwandon da ganyen da ake rufewa dashi tun daga daddawar baya, da suka ji ɗumi da laima sai su farka su tarar ba abokin gasa. Babban mai aikin shine Bacillus subtilis, yana farfasa furotin ɗin kalwa, daga nan ɗanɗanon yake fitowa, warin nan mai hawa kai kuma ammoniya ce. Yauƙin da kike gani shima aikinsa ne. A Japan ma da shi suke wani abinci na waken suya mai suna natto, yauƙi kamar kuɓewa.

Hajjo:
Ikon Allah. Shiyasa tsofaffi basa yarda a canza musu kwandon daddawa ashe

Nas Balki:
Bari in shigo ta ɓangarenmu tunda an taɓo. Wannan dabarar da take mana daddawa ita ce kuma take kwantar da mutane. Akwai ɗan uwansa Bacillus cereus, shi shinkafa yake so. Kin dafa da rana ya tsira a ɓawonsa, kin bar tukunya a rufe a kicin cikin zafin nan har dare ko ta kwana, ya farka ya hayayyafa ya zuba guba, kuma gubar da take sa amai wuta bata lalata ta, ko kin ɗumama ta tana tururi tana nan. Cikin awa 1 zuwa 6 sai amai. In da firji da wuta a juye ta a faranti mai faɗi ta huce da wuri a saka, in babu gaskiya a dafa daidai ci.

Sai zuma, dan Allah iyaye kar a ba jariri ɗan ƙasa da shekara 1, tana iya ɗauke da ɓawon Clostridium botulinum, wata ƙwaya da gubarta ke shanye jiki, hanjin babba yana iyawa dashi na jariri baya iyawa. Tatanos ma danginsu ne, yana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba tsatsar ƙusa bace take kawo shi kamar yadda ake faɗa, dattin da ya shiga rauni mai zurfi ne inda iska bata kaiwa. Shiyasa muke faɗa kullum kan abin da ake shafa wa cibiyar jariri.

Sarkin_Yawa:
Haba Anti Balki, mu da muka tashi da ɗumame kullum safe gamu nan garau

Nas Balki:
Ai ban ce kullum yake kamawa ba ƙanina, ya danganta da yawansu da tsawon lokacin da abincin ya zauna a ɗumi. Sau nawa kayi amai akace maka shawara ce ko sanyi?

Malam Buba mai allurar shanu:
Mu namu shine ciwon saifa, Bacillus anthracis. Saniya lafiya lau da yamma, da safe a tarar ta faɗi, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura kuma baya daskarewa. Abinda nake roƙon makiyaya da mahauta kar a feɗe ta, kar ma a ce bari a ceci fatar. Muddin gawar na rufe ƙwayoyin yawanci ruɓewa suke tare da ita, da an buɗe iska ta taɓa su sai suyi ɓawo su shiga ƙasa, shekaru gommai suna nan suna jiran wata dabbar tazo kiwo. A kira likitan dabbobi, a ƙone ko a binne da zurfi. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja jihar Neja, lokacin ne aka riƙa gargaɗi kan cin ganda. Allurar rigakafinsa ana haɗa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, ana yi wa dabba sau ɗaya a shekara.

Maman Ilham:
Nagode sosai Allah ya ƙara ilimi. Zan nuna wa yarinyar tazo ta karanta da kanta. Anti Balki tuwon shinkafa fa, shima haka ne? don akwai malmala 4 a kula tun daren jiya